Yadda tantanin roba yake gane ɗaci da tsami

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun harhaɗa magunguna. Na ji an ce a Japan akwai na'ura mai ɗanɗana magani da abinci. Ta yaya abin da ba shi da harshe zai bambanta ɗaci da tsami?

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne. Farfesa Kiyoshi Toko na Jami'ar Kyushu shi da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro ta wajajen 1990, kamfanin Insent kuma yake ƙera ta. Abin da take aunawa lantarki ne.

Zuciyar na'urar wani siririn tantani ne da kaurinsa bai wuce milimita 0.2 ba. Ana haɗa shi da robar PVC da sinadarin da ke tausasa ta da kuma maiƙo. Kowane ƙwayar maiƙon nan yana da kai mai son ruwa da jela mai gudun ruwa. Idan aka tsoma tantanin a ruwa, kawunan sukan fuskanci ruwan. A irin maiƙon da ke ɗauke da fosfet, kan yakan saki haidurojin, sai fuskar tantanin ta zama tana da caji mai alamar ragi, irin alamar gindin batir. Wannan cajin yana jawo ƙwayoyi masu alamar ƙari su yi layi a gabansa. Bambancin ƙarfin lantarkin da ya samu a nan shi ake karantawa da milibolt, wato ƙaramin ma'aunin ƙarfin lantarki.

Kafin a gwada komai, sai an fara tsoma shi a ruwan da ke madadin yawu: gishirin fotasiyam da ɗan sinadarin tatarik, wato tsamin da ke cikin tsamiya. Daga nan ake fara lissafi.

Abu mai tsami yana mayar wa kawunan haidurojin ɗin da suka saki, cajin ya ragu. Gishiri ba ya shiga tantanin. Ƙwayoyin sodiyam suna taruwa ne a gabansa su yi wa cajin shamaki. Ɗaci kuwa, nan ne abin ya fi burge ni, kuma shi ya fi shafar karatunki. Ɗauki kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Yana da caji mai alamar ƙari, yana kuma da ɓangare mai gudun ruwa, don haka yakan kutsa tsakanin jelar maiƙon ya maƙale. A ciro tantanin a ɗauraye shi sama-sama a mayar da shi ruwan yawun: gishiri da tsami sun tafi, amma allurar da ke nuna awon lantarkin ba ta koma inda take ba, domin kwinin na nan. Wannan ragowar ita ce ma'aunin ɗacin da ke zama a maƙogwaro bayan an haɗiye magani an kora da ruwa. Haka ake auna baurin shayi da wani tantanin mai cajin ƙari. Sai an wanke da ruwa mai ɗauke da giyar asibiti kafin tantanin ya dawo fes.

Ki lura, tantani ɗaya ba ya faɗin sunan sinadari. An tsara shi ne ya amsa wa dukan abubuwan da suka yi tarayya a ɗanɗano ɗaya, kamar yadda harshe yake yi. Shi ya sa ake jera tantani da dama, kowanne da irin maiƙonsa.

Inda na'urar ta fi wahala shi ne zaƙi. Sukari ba shi da caji, da ƙyar yake motsa allura, sai da aka ƙera masa tantani na musamman. Yajin barkono kuwa ba ta jinsa, domin shi zafi ne da jijiyoyi ke ji. Masu haɗa maganin yara suna amfani da ita su ga ko sinadarin da suka ƙara ya danne ɗacin, ba tare da an ɗora wa mutum ɗanɗana maganin da ba ya bukata ba.