Amsa: Me ya sa ake taƙaita shiga kogo?

Malam, ka ce tunda kuɗin baƙi ake nema, me zai sa hukuma ta riƙa kulle kogo? To, dubi kogon Lasko na Faransa. Samari huɗu suka gano shi a 1940, bangonsa cike da zanen dawakai da bijimai na mutanen da. Aka buɗe wa jama'a a 1948. Numfashin baƙi da ɗumin jikinsu na cikin abubuwan da suka sa gansakuka ta fara bin zanen, dole aka rufe a 1963. A 1983 aka buɗe kwaikwayonsa a kusa, aka koma kai baƙi can.

Mu ma zanen duwatsun Birnin Kudu yana ƙarƙashin dokar kayan tarihi ta 1979. Ni dai a fara sa mai gadi kafin talla, don yaro ɗaya da gawayi ya isa ya ɓata shi.