Filin Kwamfuta: Wace Linux zan ɗora wa tsohuwar laftof ɗina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare. Ina da laftof ƙirar HP da na saya ta hannu, RAM ɗinta giga 4, da ita nake buga tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Windows 10 ce a kanta, kuma ta ƙi karɓar Windows 11. Ɗan yayata ya ce a ɗora mata Linux tunda kyauta ce, har ya zo mini da filas mai Kali a ciki. Wani abokin aikina kuma ya ce Ubuntu ta fi. Ni dai abin da nake so shi ne in kunna ta tashi in yi aikina, ba kullum ana hanyar wurin mai gyara ba. Wacce zan zaɓa, kuma yaya ake ɗorawa ba tare da takarduna sun salwanta ba?
Daga wata malama a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Da farko ki ce wa ɗan namu ya mayar da filas ɗin Kali aljihunsa. Ya yi daidai da ya ce Linux, amma Kali an haɗa ta ne don ma'aikatan da ake biya su nemo ɓaraka a tsaron kwamfutocin kamfanoni, kuma masu ita da kansu sun rubuta a shafinsu cewa ba ta dace da wanda bai saba da Linux ba. Samari na sonta saboda sunan da ta yi. Ba ta da abin da za ta ƙara wa mai buga tambayoyin jarrabawa sai wahala.

Damuwarki tana kan hanya. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi, amma duk ɓarakar da aka gano daga baya, ba lallai a toshe miki ita ba. Ita kuwa Windows 11 tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin Intel na zubi na takwas zuwa sama, kuma da yawa daga laftof ɗin hannu da ke kasuwanninmu ba su kai nan ba. Akwai masu gyara da ke cusa ta da dabara, sai dai a kan RAM giga 4 za ki riƙa jiran ta kafin ta buɗe ko da takarda ɗaya.

Sunayen da suka ruɗa ki asalinsu ɗaya. Linus Torvalds ya fara rubuta zuciyar Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, ya kuma bar ta a buɗe, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba. Shi ya sa ƙungiyoyi da kamfanoni suka yi ta haɗa nasu zubin. Ke tambaya biyu kawai ta shafe ki a kan kowanne: sau nawa yake canzawa, kuma shekara nawa masu shi za su yi suna aiko da gyaran tsaro? Fedora tana fitar da sabon zubi kusan duk wata shida, kowanne kuma ana kula da shi na kimanin wata 13. Arch kullum cikin canji take. Waɗannan na masu sha'awar sabon abu ne da ke da lokacin zama su gyara. A ɗaya ɓangaren akwai Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ba ta fitar da zubi sai kusan bayan shekara biyu, bayan an daɗe ana gwaji. A kanta aka gina Ubuntu a 2004, ita kuma duk watan Afrilu na shekarar da ta rabu biyu daidai, kamar 2022 da 2024, tana fitar da zubi mai alamar LTS wanda ake kula da shi shekara biyar. A kan wannan LTS ɗin ake gina Linux Mint.

Mint nake ba ki shawara, kuma ba na kokwanto. Jerin Mint 22 ya fara fita a watan Yulin 2024, ana kula da shi har 2029. Fuskarta ta yi kama da Windows ɗin da hannunki ya saba: maɓallin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama. Tana zuwa iri uku, Cinnamon da MATE da Xfce. Ki ɗauki Xfce, ita ta fi sauƙin nauyi a kan giga 4. Abokin aikinki bai yi kuskure ba, Ubuntu manhaja ce mai kyau, amma fuskarta daban take kuma ta fi cin RAM. In har ita za a ɗora, a tabbata akwai LTS a jikin sunan, don sauran zubinta wata tara kawai ake kula da su. Debian ita ce a kan kwamfutar da nake rubuta wannan fili da ita, ina kuma sonta ƙwarai, sai dai tana barin mutum ya daidaita abubuwa da yawa da hannunsa.

Yanzu batun takardunki, wanda ya fi komai muhimmanci a wasiƙar nan. Kafin a taɓa komai, ki kwashe su zuwa wani filas ko ma'ajiyar waje: na kan fuskar kwamfuta, na cikin jakar abin da aka sauke, hotuna, sakamakon zangunan baya. Sannan ki kai filas ɗin kan wata kwamfutar ki buɗe wasu daga ciki da idonki. Akwai filas na jabu a kasuwa da ke nuna sun karɓi kaya alhali in an zo buɗewa babu komai. An taɓa kawo mini kwamfutar wani ɗalibin ajin ƙarshe da abokinsa ya ɗora wa Linux cikin gaggawa, kundin bincikensa duka ya tafi, kuma abin da muka iya cetowa bai taka kara ya karya ba. Har yau ina jin zafin abin.

Manhajar kuma daga shafin Linux Mint na ainihi za a sauke ta, kada a karɓa daga filas ɗin da ba a san asalinsa ba. Girmanta ya kusa giga 3, don haka a nemi Wi-Fi ko a yi amfani da datar dare. Sai a sami filas na biyu mai giga 8, a rubuta ta a kai da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Wannan rubutun yana shafe duk abin da ke cikin filas ɗin, kada a yi kuskuren sa wanda takardunki ke ciki.

A kashe kwamfutar, a soka filas, a kunna, nan take a riƙa danna Esc a kai a kai har wani ɗan jeri ya fito, sai a danna F9 a zaɓi filas ɗin. Wannan na HP ne. A Dell da yawancin Lenovo F12 ne. Mint za ta tashi daga filas ba tare da ta taɓa Windows ɗinki ba, kuma a nan nake so ki zauna ki ɗauki lokacinki. Ki haɗa Wi-Fi. Ki kunna wani sauti. Ki jona firintar makaranta ki fitar da shafi ɗaya. Ki buɗe takardar sakamako mai layuka da gidaje da yawa a LibreOffice, wadda ke zuwa a madadin Word da Excel, ki duba ko layukan sun goce, don wani lokaci sukan ɗan goce in rubutun da aka yi amfani da shi babu irinsa a Linux. Tunda Hausa kike koyarwa, ki shiga saitin allon rubutu, akwai tsarin Hausa na Najeriya a ciki, har da na Gana; ki ƙara shi ki gwada ƙ da ɗ da ɓ. Za ki ga tana ɗan jan ƙafa a wannan gwajin, filas ne ke jawo haka.

In komai ya yi, akwai alamar faifai a kan fuskar, ita ce ta ɗorawa. Ki tabbata batir cike yake kuma caja na jone. In batirin ya mutu, kada a fara sai inda ake da tabbacin wuta, don in an ɗauke ta ana tsakiyar raba ma'ajiya, ana iya rasa Windows da Mint duka biyun. Za ta tambaye ki harshe da allon rubutu, ta nuna wani ɗan akwati na kayan kunna sauti da bidiyo, ki sa masa alama. Daga nan sai shafin da nake so ki karanta sau biyu kafin ki danna komai. Zaɓin da ya fara da “Erase disk” yana shafe kwamfutar gaba ɗaya. Wanda ke da kalmar “alongside” yana ajiye Mint a gefen Windows, duk lokacin da kika kunna ki zaɓi wadda kike so. In ma'ajiyarki na da fili, na biyun za ki ɗauka, ki yi zango ɗaya da su duka. Kafin nan a shiga Windows a kashe “Fast Startup”, in kuma an kulle ma'ajiyar da BitLocker a fara adana makullinsa. Ranar da kika lura kin buga jarrabawa kin haɗa sakamako ba ki leƙa Windows ba, sai a shafe ta.

Bayan ta tashi, ki bar ta ta sauke sabuntawar farko, sannan ki kunna Timeshift, wadda ke adana hoton tsarin don a iya komawa baya in wani abu ya lalace. Ita tsarin kawai take adanawa, takardunki sai ki ci gaba da kwafa a filas. In Wi-Fi ya ƙi, wanda yakan faru a wasu HP masu katin Broadcom, ki jona wayarki da kebul ki ba kwamfutar intanet daga wayar, ki buɗe Driver Manager ta ɗauko abin da ya rage. Manhajoji kuma daga rumbun Mint ake ɗauka. Duk wanda ya turo miki wani umarni mai farawa da “sudo” ya ce ki liƙa, kada ki liƙa sai kin san aikinsa. Idan da hali nan gaba, a canza mata ma'ajiya zuwa mai sauri da ake kira SSD, a ƙara RAM zuwa giga 8, za ki ga bambanci sosai. Allah ya ba da sa'a, ya yi wa ɗalibai albarka.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon buga katin biki da kalanda, aikina duka da CorelDraw ne. In koma Linux?
Daga wani mai shago a Maraɗi.

AMSA: A'a ɗan'uwa, ban da kwamfutar da kake cin abinci da ita. CorelDraw da Photoshop ba su da zubin Linux. Akwai Inkscape da GIMP, suna aiki sosai, amma hannu sai ya sake koyo, kuma tsofaffin ayyukanka ba duka za su buɗe yadda ka bar su ba. Ka bar ta da Windows, ka rage shiga intanet da ita. In kana da ta biyu wadda ake buga takardu da cike fom, ita za ka fara gwadawa da Mint.

TAMBAYA: Da gaske ne Linux ba ta kamuwa da bairos?
Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Bairos ɗin da ke bin filas daga shagunan buga takardu, mai ɓoye fayiloli ya bar inuwarsu, don Windows aka rubuta shi, ba ya tashi a Linux. Hasali ma a Linux za ka ga fayilolin da ya ɓoye, ka kwashe abinka ka goge shi. Amma in ka bar shi a filas ɗin, za ka kai wa kwamfutar wani. Ana rubuta miyagun manhajoji don Linux ma, ko da yake ba su kai na Windows yawa ba, shi ya sa ba a wasa da sabuntawa. Shafin bogi da ke neman lambar katin bankinka kuwa, ba ruwansa da manhajar da ke kan kwamfutarka, in ka rubuta masa ya karɓa.