Wane injin walda zan saya don gyaran tsohuwar Fijo 504?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji Fijo 504 ƙirar Kaduna daga mahaifina. Tsatsa ta cinye ƙasan but da gindin ƙofofi, kuma ina so in gyara da hannuna a gida, don na ɗan iya walda. Mai shago ya ce in ɗauki injin ilaktrod mai amfiya 400. Tsorona kada in ɓata motar, ita kaɗai Baba ya bar min.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Bar wa mai shago injinsa, na get da taga ne. Kaurin ƙarfen bodi bai wuce milimita 1 ba, ilaktrod na taɓa shi zai huda, ka wuni kana bin rami da ciko. Nemi MIG, wato injin walda mai turo siririyar waya da kansa, mai tukunyar gas, da waya mai kaurin milimita 0.6, gas ɗin kuma haɗin argon da CO2. Kada ka tambayi iyakar ƙarfin injin, tambayi inda yake sauka: in ba ya sauka zuwa wajen amfiya 30, ba naka ba ne. Ka riƙa ɗiga waldar nan da can, kana barin ƙarfen ya huce, in ba haka ba zai lanƙwashe ka koma lafta fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar bodi da shi.

To amma ka ce ƙasan but, kuma nan ne hankalina ya tashi, domin tankin mai yana nan kusa.

Kullum sai na ji wani gwani a bakin titi yana cewa "ai na juye man, na ɗauraye da ruwa da omo." Malam, tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari. Ba ruwan fetur ne ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska, kuma kashi 2 cikin 100 ma ya isa. Fetur yana maƙalewa a lungunan tanki da cikin tsatsa, ruwa ba ya fitar da shi. Zafi na zuwa sai ya tashi. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, daidai inda tartsatsinka ke zuba. Wai "shekara ashirin ina yi ban taɓa ƙonewa ba." Wanda ya ƙone ai ba ya nan balle ya ba ka labari. Masu shinshina bakin tanki su ce babu wari, su kam ban san me zan ce musu ba.

Kwance tankin gaba ɗaya, ka kai shi can nesa a fili, ka toshe bututun mai. In tankin ya huje, sauya shi, kada ka yi masa walda. Cire kan batir, ka fitar da kafet da kujeru, ka kankare baƙin kwaltan da ke ƙasan bodi. Abin kashe gobara ya kasance kusa da hannunka, kuma in ka gama kada ka bar wajen sai bayan rabin awa.