Amsa: Me ya sa sugan Mama yake hawa da safe alhali ba ta ci komai ba?

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce tana kwanciya da suga 130 ta tashi da 180, har ta fara ƙin cin abincin dare saboda tsoro. Ni ma ina da ciwon suga nau'i na 2 shekara da shekaru, kuma hawan nan na safe ya daɗe yana ɗaure mini kai.

Ba daga abinci kaɗai suga yake shiga jini ba. Hanta tamkar rumbu take, tana ajiye shi, idan dare ya yi ciki ba komai sai ta riƙa sako shi kaɗan-kaɗan, domin ƙwaƙwalwa tana buƙatarsa ko ana barci. Masu ba hanta umarni su ne homon, wato sinadaran da wasu gaɓoɓi ke zubawa cikin jini su kai saƙo. Fankiriyas, wadda ke bayan tumbi, ita ke fitar da insulin, mai sa tsoka da kitse su ɗebe suga, ya kuma taka wa hanta birki. Ita ce dai ke fitar da gulukagon, mai sa hanta ta saki abin da ta ajiye. To daga wajen ƙarfe 3 na dare zuwa wayewar gari, kotizol daga gaɓar da ke saman ƙoda, da homon na girma daga wadda ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, suna ƙaruwa don su shirya jiki ya farka. Mai lafiya, insulin ɗinsa yana ƙaruwa daidai da su, bai ma san an yi ba. Mu kuwa namu bai isa ba, ko kuma jiki ya daina sauraronsa, shi ya sa lambar ke hawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne barin abincin daren nan. Idan tana shan ƙwayar maganin suga ta gilibenkilamaid ko tana allurar insulin, kwana da yunwa yana iya jefa suganta ƙasa da 70 tana barci. Zufa, rawar jiki, bugun zuciya, rikicewa, wani lokaci har suma. Wannan ya fi 180 na safe haɗari a daren. Don Allah ki lallashe ta ta ci, ko da kaɗan ne.

Abin da likitana ya sa na yi, ya kuma amfane ni: a gwada suga lokacin kwanciya, da ƙarfe 3 na dare, da bayan tashi, na 'yan kwanaki, a rubuta. Idan na ƙarfe 3 ya yi ƙasa sosai, mai yiwuwa maganin dare ya yi mata yawa. Idan yana daidai sannan ya hau, aikin homon ne, kuma likita yana iya sauya lokacin magani ko yawansa. Metfomin, alal misali, babban aikinsa rage sugan da hanta ke saki ne. Kada ku ƙara ko ku rage da kanku. Ku nemi gwajin HbA1c ma, shi ke nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3, kuma ga yawancin manya ana so ya tsaya ƙasa da kashi 7.

Ki kuma duba jakar magungunanta. Firedinisolon da dekzametason, da wasu ke sha don ciwon gaɓoɓi, dangin kotizol ne, suna ɗaga suga sosai. Rashin barci, damuwa da zazzaɓi ma haka. Idan tana shan ɗaya daga cikinsu, kada ta daina farat ɗaya, ku tafi da kwalin wurin likita ya gani.