Amsa ga mai shirin zuwa Muritaniya daga Tahoua

Malam, ka tambayi abin da ya kamata ka sani kafin ka tafi Nuwakshot ziyarar ɗanka mai karatun allo a can. Ɗan Adar kamarka ba zai ji baƙunta sosai ba: rairayi, zafin rana, shayi kofi uku, duk ka saba. Amma kada ka miƙa wa mace hannu a gaisuwa. Ɗora hannu a ƙirji ya isa. Idan Hajiya za ta bi ka, lafaya ko babban mayafi ya wadatar, abin da matansu ke sawa ke nan. Giya haramun ce a dokar ƙasar. Ɗaukar hoton barikin soja ko shingen jandarma kuwa neman rigima ne.

Inda mutanenmu suka fi shan wahala shi ne kuɗi. Sefa ba ta aiki a kasuwarsu, sai ugiya. A 2018 suka cire sifiri ɗaya daga kuɗin, goma ta tsoho ta koma ɗaya, amma har yanzu masu tasi da 'yan kasuwa da yawa tsohon lissafi suke faɗi. In an ce maka dubu, tambaya: tsohuwa ko sabuwa? Wallahi nan ake cin baƙo.

Larabcinsu Hassaniya ne, Faransancinka zai taimaka a birni. Ka riƙe katin allurar shawara da kwafin fasfo da yawa, shingaye kan nema. Bakin teku da dare akwai sanyi, sa rigar sanyi ɗaya a jaka.