Kafin ki kashe wifi ki ja waya a gida, Hajiya

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce an turo miki wata murya a WhatsApp wai wifi na jawo kansa da rashin haihuwa, ga yaronki yana yawan kukan ciwon kai kuma ba ya barci da wuri, rautar gidan kuma, wato na'urar da ke raba wifi, a ɗakin barci take kan durowar gefen gado, shi ne kike so maigida ya sa a kashe ta a ja waya kowane ɗaki. Toh ni sana'ata kenan, jan kebul na intanet da na kyamara a gidaje da ofisoshi a nan Kano, da kuɗi kawai nake nema cewa zan yi eh Hajiya a ja gobe da safe, amma gaskiya akwai abin da ya kamata ki sani tukunna, don na sha ganin gidan da aka kashe kuɗi aka ja waya sannan abin da ake gudu ya ƙaru maimakon ya ragu.

Yadda abin ke faruwa shi ne, an kashe wifi, an saka kebul a talabijin da kwamfutar maigida, to wayoyin hannu fa? Ba wanda zai zauna da igiya maƙale a waya, sai kowa ya kunna data, ke da yara da mai aiki duka. Ita kuwa waya in tana kan wifi da rautar da ke falo take magana, raɗa ma ta isa, in kuma tana kan data da turken sabis na can bayan unguwa take magana, dole ta ɗaga murya, in sabis ɗin sanda ɗaya ne ma ihu take yi iya ƙarfinta. Haka aka ƙera ta, ita ke ƙara ƙarfi ko ragewa gwargwadon nisan wanda zai ji ta, shi ya sa kike ganin waya na zafi caji na zuba a inda babu sabis mai kyau. Kuma ita ce a hannun yaro, ita ce a ƙarƙashin filo, ita ce manne da kunne, rauta kuwa tana can gefe.

Ƙarfin rauta ta gida wajen wat 0.1 ne a zangon 2.4 gigahaz, waya a kan 4G tana kaiwa wat 0.2, in ta faɗo 2G tana iya taɓa wat 2. Sannan nisa yana cinye shi da sauri sosai, in kin ninka nisa sau biyu abin da ke iso ki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in sau goma ne ya koma kashi ɗaya cikin ɗari. Wato ɗauke rautar nan daga kan durowa a kai ta falo a rataye sama, aikin minti biyar ba ko sisi, ya yi miki kusan duk abin da kike nema. Tun 2007 da aka yi surutun wifi a makarantun Ingila, hukumar kare lafiya ta ƙasar ta ce yaron da ya shekara a aji mai wifi abin da ya same shi bai wuce na wanda ya yi kiran waya na minti 20 ba.

Maganar kansa kuma ba daga sama ta faɗo ba, tana da tushe, sai dai masu turo muryoyin nan rabi suke faɗa. A 2011 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon a Faransa, ta saka igiyoyin rediyo, irin waɗanda waya da wifi ke aiki da su, a rukunin da suke kira 2B, ma'ana mai yiwuwa ne amma hujjar ba ta da ƙarfi, kuma abin da suka duba a lokacin yawanci masu manna waya a kunne ne na tsawon shekaru, ba rauta ba. A wannan rukunin akwai ruwan ganyen alobera, a 2023 ma sun ƙara aspartame, zaƙin da ake sakawa a lemon da aka ce ba suga. Rukuni na 1 shi ne wanda aka tabbatar, a can za ki ga taba da hayaƙin dizal da gubar fumfunar nan da ke kama gyada da masara in an adana su da danshi. Ni wlh wannan ta ƙarshen ta fi ba ni tsoro, don tana cikin buhunan da muke saya a kasuwa ba wanda yake turo murya a kanta. Bayan haka a 2024 an fitar da wani babban nazari da ita dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, masana daga Ostireliya suka jagoranta, suka tattara bincike 63 daga 1994 zuwa 2022, ba su ga alaƙa tsakanin wayar hannu da kansar ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka haura shekara goma suna amfani da ita. To in wayar da ke manne da kai kenan, ina ga rauta.

Akwai binciken ɓeraye da suke yawan kawowa, wanda gwamnatin Amurka ta yi aka fitar a 2018. Gaskiya ne an ga ƙari a zuciyar wasu ɓeraye maza, amma awa 9 kullum ake haska musu duka jiki har shekara biyu, da ƙarfin da ya kai ko ya wuce iyakar da aka yarda wa mutum, ba a ga haka a matan ba, kuma abin mamaki ɓerayen da aka haska sun fi sauran tsawon rai. Na haihuwa kuma yawanci gwaji ne a kan maniyyi a cikin faranti a ɗakin gwaji, abin da likitoci suka fi yarda da shi shi ne zafi, namiji ya daina ɗora laftof a cinya awa da awanni, wannan shawara ce mai kyau ko da wifi ko babu. Ita igiyar rediyo ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti ba ce da ke iya lalata ƙwayar halitta, abin da aka san tana yi shi ne ɗumama abu in ta yi ƙarfi sosai, kamar na'urar ɗumama abinci da ke aiki da wat 700 zuwa 1000 a cikin akwatin ƙarfe rufe. Kuma mun daɗe a cikinta, Rediyon Kaduna tun 1962 yake watsa shiri, wayar salula ta shigo mana 2001.

Ban ce kar a yi taka tsantsan ba. Faransa ma a 2015 ta yi doka ta hana wifi a wuraren renon yara 'yan ƙasa da shekara uku, ba don an kama shi da laifi ba, don dai a zauna lafiya. In hankalinki zai fi kwanciya, ki kashe da dare, babu asara, ga ragin cin batirin inbata ma. Abin da nake roƙonki kawai kar ki sayi sitika ko sarƙa ko dutsen da ake cewa yana tsotse radiyeshin, kuɗi ne a banza, a 2021 ma hukumar kula da nukiliya ta Holan ta gwada wasu sarƙoƙin da ake sayarwa wai maganin 5G ta tarar su ne ke fitar da radiyeshin mai cutarwa na gaske. Af, in kin ga 5G a jikin sunan wifi ɗinku, galibi zangon 5 gigahaz ake nufi, ba 5G ɗin kamfanonin waya ba, mutane da yawa suna tsorata da wannan.

Ciwon kan yaro kuwa dan Allah a kai shi asibiti, kar a tsaya a kan rauta. A duba idonsa, a duba maleriya da jini, a ga ko yana shan ruwa sosai da zafin nan, sannan ki lura ƙarfe nawa yake ajiye waya da dare, don yaron da ke kallo har sha biyu dole ya tashi da kai mai nauyi. In akwai janareta kusa da tagar ɗakinsa a matsar da shi yau ɗin nan, hayaƙinsa ciwon kai yake fara sawa kuma ya sha kashe gida guda a ƙasar nan. Akwai mutanen da suke rantsuwa suna jin wifi a jikinsu, kuma ciwon nasu ba ƙarya ba ne, amma an yi gwaje-gwaje sama da 40 inda ba a faɗa musu an kunna ko an kashe ba, ba su iya bambancewa ba, wasu ma ciwon ya taso musu na'ura tana kashe saboda sun ɗauka a kunne take. Tsoron kansa yana sa ciwo, shi ya sa nake jin haushin masu muryoyin nan.

Yanzu jan wayar. Yana da amfani sosai, ni gidana talabijin da kwamfuta duk a kebul suke, saboda gudu da rashin yankewa, gidajenmu na bulo da rufin kankare suna cinye sigina, sannan wani amfanin da iyaye suka fi gode min a kai shi ne intanet ya koma wuri ɗaya a falo inda ido ke gani, yaro ba zai shige ɗaki ya rufe ƙofa da shi ba.

Farko ki duba wace irin na'ura ce da ku. In ƙaramar nan ce ta aljihu, MiFi, yawanci ba ta da ramin kebul, sai an canza. In babba ce mai layin MTN ko Airtel a ciki tana da rami a baya, za a iya jona kebul a shiga saitinta ta burauza, adireshin da lambar sirri suna rubuce a ƙasanta, a kashe wifi ɗin. Amma ki sani ko an kashe, ita kanta da turken sabis take magana ta iska, don haka ba ta zama waya zalla ba, wurinta kusa da taga nesa da gado. Starlink ma haka ne, tun da ya shigo Najeriya a farkon 2023 ana ta saka shi, farantinsa da tauraro yake magana daga kan rufi, kuma rautarsa samfuri na biyu sai an sayi adafta daban kafin a samu ramin kebul. Wanda yake waya tun daga kamfani har cikin gida shi ne faiba, in ya iso layinku.

Daga rauta za a ɗauki kebul ɗaya zuwa suwic, ɗan akwati ne mai rami 5 ko 8, daga nan kowane ɗaki ya samu nasa. Kebul irin Cat6 za a saya, Cat5e ma ya isa gida, tsawon guda kar ya wuce mita 100. A nan ake cutar mutane, kwali ɗaya mita 305 ne kuma akwai na jan ƙarfe zalla akwai na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, a ido duk ɗaya ne, farashi ne ya bambanta. In maigida zai saya da kansa a Beirut Road ya ce a yanko masa ɗan guntu, ya fere sili ɗaya ya kankare da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki alminiyam ne, ko ya kunna masa ashana, na bogin nan take zai lanƙwashe ya zube, na gasken sai dai ya yi baƙi ya tsaya. Na alminiyam yana aiki da farko, bayan wata shida sai ki ji talabijin na yankewa, a buɗe kan a tarar silin ya karye a ciki.

Kar a yarda mai aikin ya jefa kebul tsirara a cikin silin, ɓera na son robarsa, a sa shi a fayif, in a jikin bango ne a sa tirankin fari mai murfi, kuma kar a haɗa shi fayif ɗaya da wayar wuta. Ya gwada kowane layi da testa a gabanku kafin a biya shi, fitilu takwas ne su kama a jere 1 zuwa 8, in ɗaya ya tsallake a sake matse kan. In gidan babba ne mai sassa kuma ana so a tsallaka tsakar gida zuwa wani sashe, kar a rataya kebul a sama kamar igiyar shanya, da damina tsawa ko ba ta faɗo a gidan ba tana bin sa ta ƙona rauta da talabijin lokaci ɗaya, na sha cire suwic da raminsa ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna. A binne a fayif ko a sa faiba tsakani tunda shi gilashi ne wuta ba ta bin sa. Akwai kuma wasu adafta da ke tura intanet ta wayar wutar gida, ban cika ba mutane shawararsu ba a nan, yau NEPA gobe inbata jibi janareta, ga layin wuta daban daban a gida ɗaya, wahala suke bayarwa.

Laftof na yanzu da yawa ba su da ramin, adafta ta USB ake sawa. Waya ma tana yi da adafta mai kan Type C, da yawa daga cikin Android da iPhone suna karɓa, amma ki gwada kafin ki biya don wasu ƙananan wayoyi ba sa gani, kuma in ba a kashe data da wifi na wayar ba aikin banza aka yi. Gaskiya ban taɓa ganin gidan da suka jure wannan ya wuce 'yan makonni ba, matasa musamman.

Da ni ne, rauta ta koma falo a sama, talabijin da kwamfuta a kebul, wifi a bar shi saboda wayoyi amma a sa masa lokacin kashewa, wasu rautocin suna da shi a saiti, in babu akwai soket mai agogo, ƙarfe goma ya ɗauke asuba ya dawo, wayoyin yara kuma su kwana a ɗakinki a caji. Kira mai tsawo a sa a sifika ko iyafis. Ki duba bayan rautar taku ki faɗa min sunanta da ramuka nawa ne da ita, da ɗakuna nawa kike so a kai wa, sai in lissafa miki kayan da za a saya kar mai aiki ya ƙara muku abin da ba a buƙata. Allah ya ba yaron lafiya.