Abin da ya kamata ɗalibi ya iya kafin a dubi makinsa

Assalamu alaikum. Hajiya, kin ce ɗanki yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kullum yana cikin biyar na farko a ajinsu, amma hankalinki bai kwanta ba, kina son sanin abin da ya kamata a ce ya iya a wannan mataki. Na daɗe ina koyar da lissafi da kimiyya a irin wannan aji, kuma ina ganin kin yi daidai da ba ki tsaya ga katin sakamako kaɗai ba, domin matsayi a aji yana nuna wanda yaro ya fi ne, ba ya nuna abin da ya shiga kansa.

Darussan da NERDC, hukumar tsara manhajar makarantu ta Najeriya, ta tsara suna da yawa, amma abin da ke riƙe da su kaɗan ne. Tsarin ilimi na ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977, ya sa iya karatu da rubutu da lissafi mai ɗorewa, tare da iya bayyana abin da ke zuciya, a sahun farko na manufofin firamare, kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware shekara tara domin a kafa wannan tushe. A cikinsu duka, wanda na fi bai wa muhimmanci shi ne karatu da fahimta, saboda da shi ake shiga kowane darasi, har da nawa.

Akwai wani yaro da na koyar wanda ke taya mahaifinsa zama a rumfar hatsi bayan an tashi daga makaranta. A jarrabawa ya bar duk tambayoyin lissafi masu dogon bayani babu amsa, har na ɗauka bai iya ba. Wata rana na kira shi, na ce masa da Hausa: mutum ya sayi mudu 7 na gero, kowane mudu naira 850, ya miƙo naira 10,000, nawa ne canjinsa? Kafin na ajiye alli ya ce 4,050. Ashe lissafin yana nan daram, Turancin da aka rubuta tambayar da shi ne ya tare masa hanya. Tun daga ranar na daina cewa koyar da karatu aikin malamin Turanci ne shi kaɗai. Kafin mu taɓa lamba, sai wani ya karanta tambayar da ƙarfi, wani kuma ya faɗi abin da ake nema da bakinsa.

Batun harshe ba ƙaramin abu ba ne a nan. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna cewa ba su koma baya a Turanci ba, sun ma fi takwarorinsu da aka koyar da su da Turanci. Saboda haka kada ki ji nauyin yi masa bayanin darasi da Hausa a gida.

Abu na biyu shi ne rubutu na kansa. Yaranmu sun ƙware wajen kwafe abin da malami ya cika allo da shi, littattafansu tsaf, sannan su haddace shi dare ɗaya su juye a takardar jarrabawa. Hadda tana da gurbinta, kuma mu da muka tashi a makarantar allo mun san albarkarta, amma ko a can almajiri yana wucewa zuwa karatun littattafai inda ake fassara masa ma'ana. Yaron da ya haddace yadda ruwan sama ke samuwa, amma ya kasa bayyana dalilin da ya sa murfin tukunya ke yin gumi, bai riga ya mallaki darasin ba.

Ga abin da za ki yi cikin makon nan. Ki buɗe littafinsa na kowane darasi, a shafin da ba a kai ba tukuna, ki sa ya karanta sakin layi ɗaya, ki rufe littafin, ya gaya miki abin da ya fahimta da Hausa. Ki sa ya rubuta wa kakarsa wasiƙa ta jimla biyar ba tare da taimakon kowa ba. Ki ba shi kuɗin cefane, ya yi lissafin abin da za su isa kafin ya fita. Ki kuma lura ko yana yin tambaya, domin yaron da ke cewa "me ya sa" ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ke gyaɗa kai ga komai.

Idan kika ga ya yi tuntuɓe a karatun, kada ki ɗaga masa murya, kuma kada ki yi gaggawar canza masa makaranta. A koma da shi daidai inda ya tsaya, ko da littafin aji uku na firamare ne. Wannan ita ce dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da ita, ta raba yara bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke. Minti ashirin kullum bayan sallar la'asar ya isa a fara. Sannan ki je wurin malamin ajinsu da littafin a hannu, ki nuna masa layin da yaron ya tsaya, ku shirya yadda za ku taimaka masa tare. Allah ya yi masa albarka.